Katakon Yanka Nama da Na Aika wa Baba Lawali

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na tashi yi wa mutane kyautar zamani ba. Yau gemuna ya yi fari fat, amma idan na tuna ranar sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Matata kuwa ta riƙe abin ya zama makaminta. Duk ran da ta ji na fara cika baki a gaban baƙi, sai ta leƙo ta ce a hankali, "Malam, a ɗauko katako?" Nan take nake shiga taitayina.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa kuma tana tashenta. Ina saurayi a Tasawa, ina aiki a wani kamfanin sayen gyaɗa, ni ne mai tsayawa a bakin ma'auni ina kiran nauyin buhu. Na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, ina da keke, ina da tabarau (idona lafiyarsa lau, na dai ga yana ƙara mini kwarjini). A ganina, duk faɗin garin babu wayayye kamata.

Babban ciwona shi ne son sanin yadda aka yi abu. Ba na ganin kwaɗon ƙofa ko fitila in wuce, sai na kwance na ga cikinsu. Na taɓa buɗe agogon kawuna don in ga abin da ke kuka a ciki, har Allah ya yi masa rasuwa agogon bai sake kuka ba.

Shugabanmu a kamfani wani Nasara ne da muke kira Mai Lofe. Wata rana aka aike ni gidansa da takarda, aka ce in jira yana barcin rana. Ina tsaye a bakin kicin sai na ji wata ƙara, kwas-kwas-kwas, da sauri kuma a tsare. Na leƙa. Kukunsa ne, Sha'aibu, yake yanka albasa a kan wani farin katako mai ɗan hannu. Kafin in ƙifta ido ya gama da albasa uku, ya ɗaga katakon ya zuba su a tukunya da bayan wuƙa.

Na ce, "Sha'aibu, wannan fa?"

Ya ce, "Katako ne mana. Bisa shi Nasara ke yanka komi nasu. Nama, albasa, har burodi."

"Ba ya sa wuƙa ta dakushe?"

"Ina hwa. Dutsi ke cin wuƙa, icce ba ya ci."

Na karɓa na juya shi, na sunsuna, na auna shi da tafin hannu. Ka san yadda ake yi a gidajenmu. Mace ta riƙe albasa a tafinta ta yi ta sara har ta gama, kuɓewa ma haka. In nama ne sai mutum biyu, ɗaya ya ja, ɗaya ya yanka, ko a kifa turmi a ɗora. Tun da nake ban taɓa ganin aibun wannan ba, amma ranar sai na ji tausayin ƙasarmu ya kama ni. Na ce a raina, ga mulkin kai an samu, amma har yanzu a hannu muke yanka albasa.

To, a lokacin akwai maganar da ta fi albasa damuna. Ina neman auren Tsahara, 'yar Baba Lawali na ƙauyen Kona. A kasuwar Tasawa muka haɗu, tana rako mahaifiyarta sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma mun daidaita ni da ita. Manyana sun je tambaya, Baba Lawali bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari ya ga kamun ludayin yaron tukuna, don 'yan lakwal sun cika raina mutane. Wata biyar ke nan ina rataye, ga shi na ji ƙishin-ƙishin wani ɗan fatake daga Mayahi ya fara aike gidan.

Baba Lawali babban manomi ne, kuma dillalin gyaɗa da ake jin maganarsa. Akwai abu ɗaya da kowa ya sani game da shi, ba kuwa mai faɗa a gabansa: bai yi karatun allo ba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, gona ta riƙe shi, abin da yake sallah da shi ma a bakin mutane ya tsinta. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Na san wannan sarai. Ka riƙe shi a ranka, don ni ban riƙe ba.

Sallar layya ta matso, cinikin gyaɗa ya ja baya, zafi ya shigo, ga zaman banza. Sai dabara ta faɗo mini. Kowane saurayi goro da sukari yake aika wa surukai. Ni zan aika da abin da ba a taɓa gani ba a Kona, kuma abin da na yi da hannuna, daidai lokacin da kowane gida ke fama da nama. Baba zai ga ɗan lakwal ma yana da amfani. Har na ƙudura in yi guda shida, in raba wa dangi, a san an yi Sallah.

Na ari zarto, na shiga bayan ɗakina na fara gwaje-gwaje. Na farko da akwatin kananzir na yi shi. Ya yi kyau a ido, amma albasar da na yanka a kai ko akuya ta ƙi ta. Na gwada iccen dogon yaro, na lasa, ɗaci ya bi ni har la'asar. Na samo guntun ƙirya, ta cinye haƙoran zarton mutane. Ban ji haushi ba, don gaskiya daɗin abin nake ji. Ban taɓa sanin kowane icce da halinsa ba sai a makon nan.

Da na ga ba ci gaba, sai na tafi wurin Gado, wani tsohon masassaƙi a bakin kasuwa mai yin turame da ƙotoci. Ban gaya masa abin da nake shiryawa ba (tsoro nake kada ya sace mini dabara, ka ji fa). Na ce ina son icce fari, mai santsi, wanda ba ya tsagewa, ba ya ɗaci, kuma ko kullum ake wanke shi ba zai lalace ba. Na nuna masa tsawo da faɗi da hannuna.

Ya dube ni ya ce, "Aduwa kake nema. Tun kakanni da ita ake yi."

Na yi mamakin jin cewa kakanninmu sun san katakon kicin, amma ban tsaya tambaya ba, ni da nake tambayar komai. Ya fafe mini falle shida da gizago, na kwaso na dawo. Kwana huɗu ina kankare su da fasasshiyar kwalba har suka yi sumul, hannuna duk ya yi kanta.

Da a nan na tsaya, da an zauna lafiya. Amma ina, ai sai na fi Nasara. Na lura hannun katakon Mai Lofe gajere ne, yana zamewa idan da maiƙo. Sai na tsawaita nawa, na yi masa kai mai fukafukai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, don ya riƙu da kyau kuma a iya rataye shi da igiya. Na sake lura cewa mu a kwano ko ƙwarya muke zuba abu, bakinsu kuma zagaye ne. Sai na yanke gindin katakon na lanƙwasa shi ciki kamar jinjirin wata, don bakin ƙwarya ya shiga daram a share albasa ba ta zube ba. Da na gama na jingina su a bango, na ja da baya ina kallo, na ji kamar in tafa wa kaina.

Na kai wa Gado ɗaya ya gyara mini kan. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya shafa, ya ce, "Kai, madalla. Allah shi ba ka lada. Yaran yanzu ba su damu da wanga abu ba." Na ce amin, ina jin daɗi tsoho ya yaba da aikin hannuna.

Kai mai karatu na san tuni ka gane abin da na sassaƙa. Ni wallahi ban gane ba. Na tashi ina ganin irinsa a kowane zaure, amma idona ya cika da kicin ɗin Mai Lofe, ba abin da nake gani sai albasa.

Na zaɓi wanda ya fi kyau, na naɗe shi a sabon ƙyalle, na ɗaure tam, na haɗa da goro. Gwaggo Abu, ƙanwar mahaifina, ita ke kai saƙona Kona. Ta ɗaga ƙunshin ta ce, "Mine ne wanga mai nauyi?" Na ce ba a faɗa, sai an buɗe. Na ce ta gaya wa Baba abu ne da ya daɗe yana buƙata, in ya gama amfani da shi a wanke a rataye. Ta tafi ana saura kwana uku Sallah, ta kuma zauna can wurin 'yarta, don haka ban ji yadda aka karɓi saƙon ba. Sauran ma na rarraba su a naɗe, na ce kada a buɗe sai ranar rabon nama. Guda ɗaya na ajiye wa kaina.

Ranar Sallah aka yanka raguna, aka feɗe, aka banƙare su a jikin itace kewaye da wuta kamar yadda muke yi, suka wuni suna gasuwa. Washegari ne ranar yanka da rabo, ranar da katakona zai nuna kansa. Na yi wanka, na sa farar riga, na ɗora tabarau, na hau keke sai Kona. Rabin hanyar tura keken na yi saboda rairayi, amma ban ji gajiya ba. Ina tafe ina tsara yadda zan amsa yabo cikin ladabi.

Na isa da hantsi. A ƙofar gidan Baba Lawali akwai babbar inuwa, dattawa sun kai goma suna zaune a tabarmi, har da limamin unguwar. Gefe guda ana ta yanka nama, mutum biyu-biyu, wannan ya ja, wannan ya yanka, yadda aka saba. Na duba ban ga katakona a wurin ba. Na ce a raina, wataƙila mata sun karɓe shi a cikin gida.

Na cire takalma daga nesa, na durƙusa na kwashi gaisuwa. Baba Lawali ya ɗago kai ya ce, "A'a, ga Malam ya iso. Ku ba Malam wuri."

Na san akwai magana, don bai taɓa kirana da komai ba sai "ɗan lakwal". Na ɗan ɗaga ido, sai na hango shi. Ga katakona a jingine a bango kusa da Baba, an shimfiɗa masa buzu don kada ya taɓa ƙasa. A gabansa ga 'yar kwalbar tawada, ga alƙalamin kara sabon fiƙewa.

Jama'a, allo ne. Allo sak, da kansa da gindinsa, wanda ko a kasuwar Maraɗi ba za ka sami mai kyansa ba. Mako biyu ina kwana ina tashi da shi, sai a lokacin na gan shi. Na aika wa mutumin da bai yi karatu ba allo, a matsayin gaisuwar Sallah, har da saƙon cewa ya daɗe yana buƙatarsa.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Saƙonka ya iso. Gaban mutanen ga na buɗe shi. Shekarata sittin da wani abu, ba a taɓa samun wanda ya dubi tsabar idona ya ce in koma makaranta ba, sai kai. Na ce a maida mishi goronshi, maganar aure ta mutu. Liman ne ya tare ni."

Liman ya karɓe, "Ni ko na ce mishi, Lawali, wanda ya aiko ma da allo ba maƙiyinka ba ne. Dubi aikin. Aduwa ce, kuma da hannunshi ya kankare. Mai raini ba ya wanga wahala."

Baba ya ce, "Kwana ukku ina kallon abin ga. Daga baya na ga yaron ya hi ku duka gaskiya, ku da kuke ganina kuna shiru. Na karɓa. To amma wanda ya kawo allo, shi ke rubuta ma ɗalibi darasin hwarko. Ga tawada, ga alƙalami. Matso, Malam."

Yanzu ga inda take. Ni karatun allona wata biyu ne cak, aka zo ƙauyenmu ɗaukar yara lakwal aka haɗa da ni. Abin da nake sallah da shi a ka yake, kamar dai na Baba. In Faransanci ne in cika maka takarda gaba da baya, amma baƙin allo ko ɗaya hannuna bai sani ba. Hanya biyu ce a gabana. In faɗi gaskiya, ko in rubuta. Mai hankali ya san wadda zai bi. Ni na gyara tabarau na miƙa hannu.

Na ɗauki allon na shimfiɗa shi a ƙasa kamar tebur. Wani dattijo ya yi tsaki ya ce, "Haba ɗana, ƙasa?" Na yi maza na ɗaga na ɗora a cinya. (Ka ga halin nawa: a cikin wannan tashin hankali sai da na tsaya mamakin yadda lanƙwasar nan da na yi don bakin ƙwarya ta zauna daram a cinyata. Ashe amfaninta ke nan.) Na tsoma alƙalami har wuya, na kai hannu saman allon, na fara daga hagu.

Liman ya yi tari. Ya ce a hankali, "Daga dama ake hwarawa."

Kafin in janye hannu, tawada ta ɗiga ɗil a kusurwar hagu, sabon icce ya shanye ta. Na koma dama. Na yi ƙoƙarin tuno abin da na gani shekara goma sha biyar da suka wuce, na ja wani layi, na lanƙwasa, na sa ɗigo biyu a sama, na ƙara ɗaya a ƙasa don kada a ce na yi rowa. Abin da ya fito ya fi kama da ƙugiyar da muke jan buhu da ita. Har masu yankan nama sun tsaya suna kallo.

Baba Lawali ya leƙo, ya duba da kyau, ya juya wurin Liman da zuciya ɗaya ya ce, "Mi ya rubuta?"

Liman ya karɓi allon. Ya kawo shi kusa, ya kai shi nesa, ya ɗan karkata shi. Can ya ce, "To... Allah dai shi ne masani."

A nan ƙarfina ya ƙare. Na cire tabarau na sa a aljihu, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a gafarce ni. Wannan ba allo ba ne. Katakon yanka nama ne."

Na zaci faɗin gaskiya zai kawo sauƙi. Ina! Liman ya rungume allon a ƙirji kamar zan ƙwace, ya ce, "Nama? Bisa allo?"

Sai na shiga bayani. Na ce a gidan Nasara na gani. Na ce nan ake riƙewa, nan ake ɗora tsoka, a sa wuƙa a yi kwas-kwas-kwas (har da kwaikwayon ƙarar, Allah ya shirye ni). Na ce wannan lanƙwasar ta bakin ƙwarya ce, don albasa. Kowace kalma na ƙara, sai in ga idanun dattawa sun ƙara girma. Wani tsoho mai haƙori ɗaya ne ya fara fashewa, ya kwanta a tabarma yana cewa, "Albasa! Wayyo cikina, albasa!" Shi ke nan wuri ya ɓarke. Mai riƙe da cinyar rago ya saki, abokin jansa ya faɗi zaune. A bayan zana kuma mata ashe duk suna saurare, na ji tasu dariyar ta tashi, a ciki har da wata da na sani sarai. Ta Tsahara ce, kuma ta fi ta kowa ƙarfi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Baba Lawali. Ya zuba mini ido har aka lafa. Ni kuwa na riga na sallama, ina tunanin yadda zan tura keke in koma Tasawa, da yadda ɗan fataken Mayahi zai ji labari ya yi kwana yana murna.

Ya ce, "Kenan ba ka iya ba."

Na ce, "Ban iya ba, Baba."

"Ko baƙi guda?"

"Ko guda."

Ya karɓi allon daga hannun Liman, ya shafa wurin da tawada ta ɗiga. Ya ce, "Kwana ukku ina jin zahin yaro ya hi ni karatu har ya yi min gori. Ashe ni da kai duk ɗaya muke, kai dai ka hi ni tabarau." Aka sake kwashewa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Guda nawa ka sassaƙa?"

"Shida, Baba."

"Akwai saura?"

"Akwai ɗaya a ɗakina."

"To ka zo da shi ranar da ba ku aiki. Ni na riga na yi niyya gaban mutane, ba ni komawa baya don ka ce na albasa ne. Liman zai ɗora mu tare. Ran da munka kai izu guda, ni da kai, ran nan za a sa rana. In ka riga ni, ka jira ni. In na riga ka, Tsahara ta jira ka."

Haka kuwa aka yi. Duk Lahadi in ɗaure allona a bayan keke in nufi Kona, in zauna gefen surukina a gaban Liman, mutumin da a al'ada ko ido bai kamata mu haɗa ba. Ranar farko na so ƙasa ta tsage in shige. A hankali kuma sai ciwon nan nawa na son sani ya motsa, na fara jin daɗin yadda baƙi ke sauya kama idan ya zo farko ko tsakiya ko ƙarshe, da yadda ake dafa tawada, da yadda ake fiƙe kara. Na zaci da lakwal ɗina zan bar tsoho a baya cikin wata guda. Ashe shi kullum da asuba yake zama, ko da damina kafin ya tafi gona. Ya riga ni da wata huɗu cur. Waɗannan watanni huɗu, shi ke karɓar haddata kafin Liman ya fito, kuma ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin gyara wa wani kuskure kamarsa ba. Tsahara ta aiko Gwaggo Abu ta gaya mini, in na bari aka sake wata Sallar ba a sa rana ba, to in nemi albasa in aura.

An sake wata Sallar kuwa, da 'yan makonni, kafin in kai. Ta dai haƙura.

Sauran katakan huɗu ma ba wanda ya ga wuƙa. Duk gidan da aka buɗe, sai aka sa mini albarka aka miƙa wa masu karatu. Har Sha'aibu kuku, wanda a wurinsa na ga abin, da ya buɗe nasa cewa ya yi shi dai ba ya sa wuƙa bisa wannan. Na koma wurin Gado na ce don me bai faɗa mini ba. Ya ce, "Icce ka tambaye ni. Kuma ni allo na gani, mai kyau ma." A Tasawa kuwa sunana ya koma Mai Allon Nama, har direbobin kamyo, manyan motocin da ke zuwa ɗaukar gyaɗa, sun san shi.

Bayan biki ban daddara ba. Na sake yi wa Tsahara wani, wannan karon murabba'i, ba kai ba gindi, yadda ko makaho ba zai ce allo ne ba. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta rufe randa da shi. Har yau a tafinta take yanka albasa, kuma ta fi Sha'aibu sauri.

Da Baba Lawali ya rasu, a cikin abin da ya bari aka ce allon nan ni za a ba. Yana rataye a ɗakina yanzu, ya yi duhu don shan tawada da wanki, gefensa ya siɗe. Amma ɗigon nan nawa yana nan a kusurwar hagu. Liman ya taɓa cewa a kankare shi, Baba ya hana, ya ce a bar masa, nan ne malaminsa na farko ya ƙure iliminsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Har gobe ina kwance abubuwa in ga cikinsu, wannan sai dai kabari. Amma in na ƙirƙiro wata dabarar da nake ganin za ta ceci ƙasa, kafin in naɗe ta a ƙyalle nakan kai wa tsohuwa mafi kusa in ce, "Inna, me kika gani?" In ta faɗi abin da ba shi nake nufi ba, to nata ne daidai.